Takin da ke rataye a sama: daga mangalar jaki zuwa ƙwayar nano

A Kafin Dafga, kamar sauran garuruwan ƙasar Karaye da Rogo, aikin gona yakan fara tun hadari bai taso ba. Da rani ake share turken awaki da akurkin kaji, a haƙe juji, a haɗa da tokar murhu, a loda wa jaki a mangala, a bi gona ana zubewa tsibi-tsibi. Mai hali ya yi magana da Bafulatani ya kwantar masa da shanu bayan an kwashe amfani, ya sallame shi da damin dawa. Haka na buɗe ido na tarar, haka kuma dattawan da suka rene mu suka ce sun tarar. Ba wanda ya taɓa ambata musu kalmar naitrojin, amma da gani sun san gonar da ta gaji: ganyen dawa ya yi ɗorawa-ɗorawa, kara ya tsumbure, wuta-wuta ta mamaye kunya. Sun kuma san abin da ke farfaɗo da ita, wato taki, da ratsa wake ko gyaɗa a tsakanin hatsi, da barin gawo ya tsaya a tsakiyar gona ba a sare shi ba.

Abin da gonar take nema yana nan rataye a samanta. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitrojin ce. Idan aka auna iskar da ke bisa hekta ɗaya, tun daga ƙasa har ƙurewar sama, naitrojin ɗin cikinta ta haura tan 70,000, alhali masarar da ke hektar nan kilo 120 ya ishe ta a damina guda. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dalili kuwa, zarrar naitrojin bibbiyu take tafiya, kowace ta riƙe 'yar'uwarta da igiya uku, ɗaurin da ke cikin mafi ƙarfi a duk ilimin sinadarai. Sai an kwance shi tsiro yake iya ci.

Kafin zuwan masana'anta abu biyu ne ke kwance ɗaurin nan. Walƙiya takan tsaga iska da zafinta, ruwan sama ya sauko da ɗan abin da ta kwance. Na biyun, wanda ya fi yawa nesa ba kusa ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya taɓa tuge gyaɗa ko wake ya ga 'yan ƙuraje a jikin saiwa. A 1886 wasu masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa ta cikin ƙurajen nan ne tsiron ke samun naitrojin daga iska, kuma a 1888 Beijerinck na ƙasar Holan ya ware ƙwayar halittar da ke zaune a ciki. Daga baya aka gano makaminta: wani ɗan curi mai zarra bakwai na ƙarfe da zarra ɗaya ta molibdenam, wanda ke kama naitrojin ya mayar da ita amoniya cikin sanyin ƙasa, ba wuta ba matsi. Gawo ma dangin wake ne, shi ya sa geron gindinsa ke fita daban.

Wannan ɗan curin shi masana ke kira katalis. Ni dai ban ga abin da ya fi kama da shi a rayuwarmu ba kamar dillali. Je ka kara ran kasuwa: ga mai sa, ga mai kuɗi, amma sai su yini ba su daidaita ba. Dillali ne zai ja wannan gefe, ya raɗa wa wancan, ya haɗa hannuwansu har a ce an sallama. Ciniki ya faɗa, ya juya ga na gaba, shi ba a saye shi ba, ba a sayar da shi ba. Haka katalis yake riƙe iska a jikinsa, ya sassauta ɗaurinta, ya haɗa ta da wata, ya sake su, ya karɓi ta gaba. Yana kuma da la'adarsa, wato ƙarin zafi ko ƙarin wutar da ake kashewa bisa abin da cinikin kansa ke bukata. Shekara ɗari da ashirin ke nan ana neman dillali mai ƙaramar la'ada, wanda ba ya saurin gajiya, wanda kuma ba ya miƙa kaya ga wanda ba shi aka nufa ba.

A ƙarni na 19 manoman Turai sun dogara da kashin tsuntsayen teku da ake haƙowa a tsibiran Peru, da wani gishirin ƙasa daga hamadar Chile. Mangala ce dai, sai dai jirgin ruwa ke ɗauke da ita. A 1898 William Crookes ya tsaya gaban taron masana a birnin Bristol na Ingila ya yi gargaɗin cewa gishirin nan zai ƙare, masu cin alkama za su shiga yunwa, in dai masana sinadarai ba su koyi ciro naitrojin daga iska ba.

Amsar farko da wutar lantarki ta zo, kuma ina so a riƙe wannan. A 1903 Kristian Birkeland da Sam Eyde na ƙasar Norwe suka kwaikwayi walƙiya a cikin tanda. Da wutar ruwan da ke gangarowa daga duwatsunsu suka kafa masana'anta a Notodden a 1905, ƙarƙashin kamfanin Norsk Hydro, wanda daga jikinsa ne kamfanin taki na Yara ya fito. Hanyar ta yi aiki, amma ƙarfi zalla ne babu dillali, don haka tana shan wuta fiye da kima.

Sai ga Fritz Haber a Karlsruhe. A watan Yulin 1909 ya nuna wa mutanen kamfanin BASF amoniya tana ɗiga daga wata 'yar na'ura da ke haɗa naitrojin da haidrojin bisa ƙarfen osmiyam. Osmiyam kuwa ƙarfe ne mai wuyar samu ƙwarai, ba a gina masana'anta a kansa. Carl Bosch ya ɗauki aikin ƙera tukwanen da za su jure matsi, Alwin Mittasch kuma ya duƙufa neman dillali mai araha. Gwaji dubbai ya yi kafin ya faɗa kan wata tama daga Suwidin, ya gane cewa baƙin ƙarfe ne ke aikin idan an yayyafa masa ɗan sinadarin alminiyam da ɗan fotash, dangin wanda ke cikin tokar murhu. A 1913 masana'antar Oppau ta fara aiki. Yaƙin duniya na farko ya zo ya karkatar da amoniyar zuwa albarushi, amma bayan yaƙi ta koma gona, har yau ana ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya da takin wannan hanya ake noma abincinsu. Katalis ɗin Mittasch kuwa, da 'yan gyare-gyare, shi ne har gobe a yawancin masana'antu.

La'adarsa ce mai nauyi. Sai an kai zafi digiri 400 zuwa 500, an matse iska ninki 150 zuwa 300 na matsin da muke rayuwa a cikinsa. Haidrojin kuma daga iskar gas ake tatso ta, a saki hayaƙin kabon kusan tan biyu a kan kowane tan na amoniya. Aikin nan shi kaɗai yana cin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na makamashin duniya. Irin wannan tukunya ba ta biyan kuɗinta sai ta zama ƙatuwa, kuma sai ta zauna kusa da rijiyar gas da bakin teku. A nan ne tazara ta shiga tsakanin manomi da takinsa.

Takin zamani ya shigo Arewa da kaɗan-kaɗan. Tun zamanin Turawa ake gwaje-gwajensa a Samaru, kuma supa ce ta fara karɓuwa saboda gyaɗa. Shekarun 1970 ne suka juya lamarin. Shirin raya noma na Funtuwa, maƙwabciyarmu ta yamma, ya fara a tsakiyar shekarun da tallafin Bankin Duniya. A 1976 aka buɗe masana'antar supa a Kaduna, gwamnatin Obasanjo kuma ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, tana ɗauke wa manomi kaso mafi tsoka na kuɗin buhu. A farkon shekarun 1980 Kano ta kafa hukumar raya noma ta KNARDA da kamfanin kayan noma na KASCO. Ga sabon irin masara, ga taki mai araha: masarar da a da 'yar bayan gida ce, ta gasawa a marka, ta fita ta cika gonaki daga Funtuwa zuwa Rogo da Karaye. Sunaye sababbi suka shiga bakin manoma, kamfa da yuriya da supa. Rumbuna sun cika, wannan ba abin musu ba ne. Amma masara ba ta haƙurin dawa. In ba ta ga taki a kan lokaci ba, mai gona ya yi asarar damina.

Buhun yuriya, in ka duba asalinsa, iska ce aka daskarar. Naitrojin daga sama, haidrojin daga gas, a haɗa su amoniya, a sake haɗa amoniyar da iskar kabon, sai ga farin tsaban nan da kashi 46 cikin 100 nasa naitrojin ce. Najeriya ta fara yin nata a Onne ta jihar Ribas a ƙarshen shekarun 1980, masana'antar ta tsaya a 1999, sai bayan shekara goma ta farfaɗo a hannun Notore. Indorama ta fara a Eleme a 2016. A Maris 2022 aka buɗe ta Dangote a Lekki, mai iya fitar da tan miliyan uku a shekara. Yau ƙasar nan tana yin yuriya fiye da abin da take sha, har tana sayar wa Brazil. Duk da haka kowane buhu sai ya yi tafiyar kilomita dubu ko fiye a bayan tirela kafin ya iso Kano, kuma farashinsa na bin na kasuwar duniya da na dala da na man dizal. Kamfa kuwa sai an haɗa da fosfet ɗin Maroko da fotash ɗin ƙetare. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, sai da Najeriya ta garzaya Kanada neman fotash. A 'yan shekarun nan na ga magidanta da suka saba sayen buhu biyar suna auna taki da kwano, na ga waɗanda suka bar masara suka koma dawa da waken suya. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja sun yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015. Wa'adin ya zo ya wuce ba a kai ba.

To, mu koma ga wutar lantarki da muka baro a Norwe. Tun 1800 aka san cewa in aka tsoma waya biyu masu wuta a ruwa, ruwan zai rabu gida biyu, haidrojin a wannan gefe, oksijin a wancan. Ashe ana iya samun haidrojin ba tare da gas ba. Norwe ta koma ga wannan a ƙarshen shekarun 1920, tana ciyar da tukunyar Haber da haidrojin ruwa. A nahiyarmu ma an yi. Masar ta buɗe masana'antar KIMA a Aswan a 1960 da wutar kogin Nilu, Zimbabwe kuma ta yi shekara arba'in da 'yan kai, daga 1972 zuwa 2015, tana yin amoniya ta wannan hanya kusa da Kwekwe. Arahar gas ce ta kashe yawancin irin waɗannan masana'antu ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya dawo da maganar shi ne faɗuwar farashin farantin sola, wanda ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100 a shekarun 2010, da kuma damuwar duniya kan ɗumamar yanayi.

Amma burin masu bincike ya wuce nan. So suke a tsallake ƙatuwar tukunya gaba ɗaya: a kawo iska, a kawo ruwa, a saki wuta a kan faranti mai ɗauke da katalis, abin da ake so ya fito a zafin ɗaki. Da iskar kabon aka fara cin nasara. A 1985 Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan ya bi ƙarafa ɗaya bayan ɗaya yana auna duk abin da kowanne ya fitar. Ya tarar kowane ƙarfe da halinsa. Zinariya da azurfa da zink suna cire wa iskar kabon oksijin ɗaya su tsaya. Kuza da darma suna ba da wani ruwan tsami. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam ba su ma kula iskar ba, ruwa kawai suke fasawa. Jan ƙarfe ne kaɗai ya iya kai ciniki ƙarshe, ya fitar da iskar metan ta girki da iskar etilin da ake yin leda da robobi da ita. Sai dai dillali ne marar tsayawa wuri ɗaya: a 2012 masu bincike a Stanford suka ƙirga kaya iri goma sha shida da yake fitarwa a cakuɗe.

A nan ne maganar nano ta shigo. Nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi ɗaya ya kai dubu hamsin zuwa dubu ɗari nata. Duk macen da ta taɓa jiƙa kanwa ta san cewa dakakkiya ta fi curi saurin narkewa, domin ruwa yana taɓa ta ta ko'ina. Katalis ma fuskarsa ce kawai ke aiki, zarrar da ke binne a tsakiya zaman banza take. In aka mayar da ƙarfe 'yan ƙwayoyi masu faɗin nanomita kaɗan, kaso mai yawa na zarrarsa zai fito fili. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne halin ƙarfen kansa yakan sauya. Zinariya da aka sani ba ta tsatsa, ba ta shiga sha'anin kowane sinadari, Masatake Haruta na Japan ya nuna a 1987 cewa in aka mayar da ita ƙwayoyin da ba su kai nanomita biyar ba, tana ƙone gubar hayaƙin gawayi ko a cikin sanyin da ya zarce na ƙanƙara. Zarrar da ke bakin gaɓa ko kan kusurwa tana da hannu a sake, don haka ta fi ta shimfiɗaɗɗen wuri kama iska.

Daga nan bincike ya zama aikin sassaƙa. A 2011 masana a Dalian ta ƙasar Sin suka watsa filatinam zarra ɗai-ɗai bisa tsatsar ƙarfe. A 2012 Matthew Kanan a Stanford ya bar jan ƙarfe ya yi tsatsa da gangan, ya sake wanke tsatsar da wuta, fuskar ta fito da ƙananan tsagogi da suka rage la'ada. A 2016 ɗakin binciken Oak Ridge a Amurka ya ɗora ƙwayoyin jan ƙarfe kan 'yan ƙayoyin gawayi, kashi 63 cikin 100 na wutar ya tafi ga yin etanol. A 2018 ayarin Ted Sargent a Toronto ya shafa jan ƙarfe kan wani yadi mai numfashi, iska na shigowa ta baya, ruwa na gaba, suka kai kashi 70 na etilin. Ƙanƙanta kuma ba kullum take zama alheri ba: wani bincike a Jamus a 2014 ya nuna cewa jan ƙarfe in ya gaza nanomita biyar, sai ya rage ba da makamashi ya koma fasa ruwa. Siffa da girma da maƙwabtaka duk sai an daidaita su. Matsalar da ta fi ci wa masu aikin tuwo a ƙwarya har yanzu ita ce tsawon rai, domin ƙwayoyin sukan narke ko su dunƙule, gishiri kuma ya taru ya toshe ƙofofin da iska ke bi.

Mayar da hayaƙi ya koma mai abu ne mai ɗaukar hankali, kuma yana da wurinsa, musamman ga jirgin sama da ba ya tashi da batir. Kamfanin Twelve ya aza harsashin masana'antar irin wannan man a jihar Washinton a 2023. Amma in don ƙasar Karaye ne, ban ga hikimar a ɗauki wutar rana a mayar da ita mai, a zuba a injin ban-ruwa a ƙone ba, alhali farantin zai iya juya famfon kai tsaye. Taki ne farantin sola ba zai iya maye gurbinsa ba. Shi ya sa idona ya fi karkata ga naitrojin.

Ita kuwa naitrojin ta fi kabon taurin kai. Ba ta son narkewa a ruwa, kuma duk katalis ɗin da aka tsoma ya fi son fasa ruwan da ke gabansa a kan kokawa da igiya uku. Duk da haka, wajen 2016 zuwa 2019 maƙalu suka yi ta fitowa ɗari-ɗari, kowace da sabuwar ƙwayar nano da aka ce tana yin amoniya daga iska da ruwa. Adadin da ake aunawa ƙanƙane ne ainun, kuma amoniya tana ko'ina: a numfashin mai gwajin, a safar hannunsa, a iskar ɗaki, har a cikin tulun iskar da ya sayo. A 2019 ayarin Ib Chorkendorff na Denmak da abokan aikinsu na Stanford da Landan suka wallafa a mujallar Nature wata ƙa'ida mai tsauri. Suka yi amfani da naitrojin mai alama, wadda zarrarta ta ɗara ta kullum nauyi, yadda in amoniya ta fito za a san ko daga iskar da aka shigar take. Da suka bi ƙarafan da ake yabo a cikin ruwa da wannan ma'auni, ba su sami komai ba. Yawancin abin da aka yi ta murna a kai ƙazantar ɗaki ce.

Wannan babi na tarihin yana taɓa ni, domin mun san irinsa a gona. Manomin da ya sayi buhu mai kyakkyawan rubutu, ya zuba, ya jira, masara ba ta sauya launi ba, daga baya ya gane rabinsa yashi ne, ya san zafin alkawarin da ba a auna ba. Ina ganin girman masanan da suka tsaya suka tona asirin fagen nasu da hannunsu, kuma duk wanda zai zo mana nan gaba da na'urar da ya ce tana yin taki daga iska, tambayar farko da ya cancanta ita ce wa ya auna, da me kuma.

Hanya ɗaya ce ta tsallake jarrabawar 2019, wadda wasu Japanawa suka bayyana tun 1993. Ita ba ta cikin ruwa take ba. Lityam, ƙarfen batirin waya, yana da zafin nama har yakan kama naitrojin da kansa a zafin ɗaki. Wuta ta shimfiɗa shi kan faranti, ya kwance ɗaurin, a miƙo haidrojin, amoniya ta fita, lityam ya koma ya sake zagayowa. Sirrin aikin yana cikin wata siririyar fata mai kaurin nano da ke rufe ƙarfen, wadda ke tantance abin da zai shiga. A 2022 ayarin Douglas MacFarlane da Alexandr Simonov a Jami'ar Monash ta Ostareliya suka kai ga kusan duk wutar da ta shiga tana tafiya ga amoniya. A 2023 mutanen Denmak suka gina na'ura mai gudana ba tsayawa, da katalis na filatinam da zinariya a ɗaya gefen. A 2024 suka sa ta yi aiki awa 300 a jere. Ci gaba ne na gaske, amma a dubi girmansa: abin da awa 300 ɗin suka tara bai kai giram goma ba, buhun yuriya ɗaya kuwa yana cin amoniya kilo 28. La'adar lityam ma tana da tsada, domin a na'urar 2023 kashi 13 cikin 100 kawai na makamashin ne ya zauna a cikin amoniyar. Akwai masu neman yin yuriya kai tsaye daga naitrojin da iskar kabon, kamar ayarin Jami'ar Hunan da ya gwada ƙwayoyin faladiyam da jan ƙarfe a 2020, amma abin da suka samu bai kai kashi goma na wutar ba.

Ina tuna wannan lissafin duk lokacin da na tsaya a bakin madatsar Challawa. Kamfanin Julius Berger ne ya gina ta a ƙasar Karaye tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawonta kilomita 7.8, tana iya riƙe ruwa fiye da mita kubik miliyan 900. Gwamnatin Kano ta daɗe da shirin samar da wuta daga ita da madatsar Tiga. Ga ruwa, ga rana, ga iska, wato duk kayan haɗin suna wuri ɗaya. Da fasahar da ta riga ta tabbata, ta fasa ruwa da wuta a ciyar da ƙaramar tukunyar Haber, tan ɗaya na amoniya yana cin kamar yunit dubu goma na wuta. Naitrojin ɗin buhu ɗaya ke nan yunit 280. A kan takarda, megawat ɗaya da ba ya ɗaukewa tsawon shekara zai ba da kwatankwacin buhu dubu talatin. Ba mafarki zalla ba ne: a 2023 kamfanin Talus ya kafa wa Kenya Nut Company 'yar masana'anta mai aiki da sola, wadda aka ƙera don fitar da tan ɗaya na amoniya a rana, a gonar da za ta sha takin. A gaskiya kuwa, muddin gas na da araha a kudu, yuriyar Lekki da Eleme za ta fi ta araha a bakin ƙofar masana'anta. Abin da ƙaramar masana'anta za ta iya cinyewa shi ne kuɗin hanya, da ribar hannu biyar da buhu ke bi, da jinkirin da ke sa taki ya iso bayan masara ta yi bunƙasa. Amoniya kuma iska ce mai shaƙe mutum, sai an koyi riƙe ta, ko a narkar da ita a ruwan ban-ruwa.

Ba baƙi ba ne mu a sana'ar katalis. Masu bincike a sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi shekaru suna sarrafa farar ƙasar Ƙanƙara ta jihar Katsina, suna mayar da ita ziyolait, wani katalis mai ramuka ƙasa da nanomita ɗaya da matatun mai ke amfani da shi. Akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai a Basawa ta Zariya, akwai cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da nikel ba su fi ƙarfin aljihunmu ba. Abin da zan so gwamnatocin Kano da Katsina da Kaduna su sa wa kuɗi shi ne ɗakin gwaji ɗaya mai wutar da ba ta ɗaukewa da na'urorin aunawa na ƙwarai, wanda zai iya tantance buhun da ke kasuwa yau, ya kuma tantance na'urar da za a kawo gobe. Kafin nan, a ci gaba da ratsa wake da gyaɗa da waken suya, a bar gawo a gona, a dawo da jaki bakin juji, domin ko takin zamani ya fi kama ƙasar da ta sha na gargajiya.

Ni kuma ina bin labarin na'urorin lityam da ƙirgen awa. Masarar damina tana yin kwana ɗari zuwa ɗari da ashirin a gona, kusan awa dubu uku ke nan, kusan ninki goma na abin da na'urar Denmak ta jure a 2024. Masana'anta kuwa ana son ta yi shekaru tana aiki kafin a canja mata katalis. Wasu ƙananan kamfanoni biyu da suka fito daga cikin ayarin Monash da na Denmak, Jupiter Ionics a Melbon da NitroVolt a Denmak, suna kan ƙera na'urar da suke fatan za a iya ajiyewa a gefen gona.